Gonar Tafin Hannu

Kwana tara da yanka,
ɗinkin Nomau bai kama ba.
Ƙaba aka gyara masa, aikin awa guda,
ga shi wurin ya kumbura ya yi jawur,
mugunya na tsattsafowa kamar rijiyar fadama.
Mutumin da ke tuƙa kwalekwale daga Yelwa zuwa tsallake
yau ko juyi a gado sai an tallafe shi.

Sista Kulu ta miƙo min tsinken auduga cikin kwalba.
Ta ce, "Allura kala biyu muka yi masa,
kamar muna zuba ruwa a kwando.
Duba mana."

Ni manomi ne da ba a sani ba.
Gonata faifai ce, faɗin tafin hannu,
abin da kowa ke gudu shi nake shukawa.
Daren farko na ba su jinin tunkiya,
da safe suka fito tsibi-tsibi, ruwan zinariya,
kyawawa, wallahi, in ba ka san aikinsu ba.
Na ɗebi kaɗan na shafe sabon faifai lungu da saƙo,
na jera 'yan takardu shida, kowace kamar idon ƙarfasa,
kowace da maganin da ta sha.
Na rufe. Na sa a akwatin ɗumi,
mai zafi daidai da cikin mutum.

Sha ɗayan dare wuta ta ɗauke.
Baba Arzika mai janareta ya ce man da ya rage na ɗakin tiyata ne,
ko uwarsa ce a kwance ba zai taɓa ba.
Na lulluɓe akwatin da bargo biyu,
na zauna kusa da shi kamar mai jiran haihuwar saniya,
sauron kogi na karɓar harajinsa,
har aka dawo da ita wajen ƙarfe ɗaya.

Da hantsi na ɗaga faifan ga hasken taga.
Ta farko sun cinye ta har wuya.
Ta biyu ma haka.
Ta uku, dangin kafso mai ja da rawaya
da ake tallarsa a faranti ranar kasuwa,
sun yi mata zobe, sun zauna a kanta
kamar awaki a kan turmi.
Biyu sun ɗan tura su baya, turin mara lafiya.

Ta shida kuwa,
wata ne ya kafa sansani:
fili fetal kewaye da ita, ko ɗigo babu.
Na ɗora ma'auni. Milimita goma sha tara.
Na sake ɗorawa, don ido maƙaryaci ne in yana so.
Goma sha tara.

Da na kai takardar, Jimmai matarsa ta kwance bakin zane,
ta zube ragowar kafso a kan gado.
"Tun damina yake sha, in jikinsa ya yi nauyi.
Biyu yau, ɗaya jibi."
Ban ce mata komai ba.
Ni ma akwai irinsa a aljihun rigata ta gida.

Kwana biyar, zazzaɓi ya sauka.
Kwana goma, Nomau na faɗa da Sista kan a bar shi ya ga kogi.
Ranar sallama ya aiko min da giwan ruwa rabi,
a naɗe cikin takardar siminti.

Da dare na buɗe babban littafi in rubuta.
Na waiwayi shafin bara, hannuna ne, biro shuɗi:
wannan magani, wannan ƙwaya,
ashirin da shida.
Na daɗe ina duban lambobin biyu,
yadda masunta ke duban gaɓa bayan ruwa ya ja,
suna auna da ido inda ya tsaya bara.
Kifin na jirana a leda.
Na wanke hannu sau biyu.